Kasuwar Nesa: Shirin Zuwa Baje Koli da Ciniki ta Intanet

1. Fatar da ta tafi da sunan wani

Jama'a, kowa a cikinku ya san jar akuya, irin ta ƙasar Sakkwato. Fatarta tana da laushi, tana da ƙarko, tana kuwa shan rini. Tun zamanin kakanninmu majema suke jeme ta, fatake su labta wa raƙuma, su ƙetare Hamada da ita har Tarabulus da sauran biranen Larabawa na bakin bahar. A can Turawa suke saye, su yi bangon littafi da ita, da jaka, da safar hannu. To, da yake a hannun mutanen Arewacin Afirka suka gan ta, sai suka raɗa mata suna fatar Maroko. Mai akuya yana nan, majemi yana nan, amma suna ya tafi ga wani. Riba mai tsoka ma ta tsaya a hannun na tsakiya.

Me ya jawo haka? Nisa da rashin takarda. Wanda ya yi aikin ba shi da yadda zai yi ya gaya wa mai saye cewa shi ne ya yi.

Yau akwai hanya biyu da mutumin ƙauye zai bi ya sadu da mai saye na nesa. Ta ɗaya ita ce kasuwar baje koli ta ƙasashen waje. Ta biyu ita ce intanet, wadda take cikin wayar da ke aljihun da yawa daga cikinku. A wannan darasi za mu koyi shirin da kowacce take bukata.

2. Bambancin kasuwar gida da kasuwar nesa

In ka kai riɗi kasuwar garinku, mai saye zai sa hannu cikin buhu, ya damƙo, ya hura, ya tauna. Ya san ubanka, ya san gidanku. In ya je gida ya tarar da yashi a gindin buhu, ran kasuwa mai zuwa zai same ka a rumfarka.

Mai saye na Turkiyya ko na Japan bai san ka ba, bai san garinku ba. Abu uku kaɗai yake da su a gabansa: ɗan samfurin da ka nuna masa, da abin da ka rubuta, da alkawarin da ka ɗauka. In kayan da suka iso sun yi daidai da waɗannan uku, zai komo baɗi. In sun saɓa, ya tafi ke nan, zai kuma gaya wa 'yan'uwansa 'yan kasuwa.

Ku riƙe wannan, domin shi ne gindin darasin duka. Abin da ka nuna, da abin da ka rubuta, da abin da ka aika, tilas su zama abu ɗaya.

Kada wani ya ce kayan ƙauye ba su da masu so a waje. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano, yawancin wanda ake fitarwa ƙasar Meziko yake tafiya, su ma jiƙa shi suke yi su sha kamar mu. Riɗinmu yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya. Ga citta, ga ƙaro, ga man kaɗanya, ga aikin dukawa da na marina. Ku dubi bayan takardar naira 20, za ku ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan, mutuniyar ƙauyen Kwali. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, a 1958 kuwa aka baje tukwanenta a Landan. Kyan aikinta ne ya kai ta.

3. Mene ne baje koli?

Baje koli kasuwa ce ta 'yan kwanaki, wadda take ci sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Kowa ya kama rumfa, ya jera samfurin hajjarsa. Manyan 'yan kasuwa su zo daga ƙasashe dabam dabam, su zaga, su duba, su yi tambaya.

Ga kaɗan daga cikin manyansu. Akwai ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin, wadda ake kira baje kolin Kanton. An fara ta a 1957, tana ci sau biyu a shekara, wajen Afrilu da wajen Oktoba. Akwai Gulfood a Dubai, ta kayan abinci, kowace shekara. Akwai Anuga a birnin Kolon na Jamus, ita ma ta abinci, bayan shekara biyu biyu, cikin watan Oktoba. Akwai kuma ta ciniki tsakanin ƙasashen Afirka, wadda aka fara a Alƙahira a 2018.

A irin waɗannan manyan kasuwanni ba a zuwa da mota cike da kaya a sayar a tashi. Samfur ake kaiwa. Abin da ake nema shi ne abokin ciniki wanda zai ce, "Ina son tan kaza na irin wannan, a wata kaza." Wanda ya dawo da sunayen masu saye na gaske guda uku ya ci kasuwa, ko da bai karɓi ko kwabo a can ba.

Amma ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi. Muna da baje koli a nan gida, a Kaduna, da Kano, da Legas. Ku fara zuwa can, ko da kallo ne. Ku ga yadda ake jera kaya, ku ji irin tambayoyin da baƙi suke yi. Gani ya kori ji.

4. Gyaran kaya

Shirin baje koli daga gona yake farawa. Bari in ba ku labarin wake.

A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa, da suka auna, sai suka riƙa samun maganin ƙwari a jikinsa fiye da kima, irin maganin nan da muke kira fiya-fiya. A 2016 suka ƙara wa hanin shekara uku. Ba kowane manomi ne ya zuba maganin ba, amma hanin ya hau kan kowa. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ga shi nan ya ɓata wa ƙasa guda kasuwa.

Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

Na ɗaya, kada ku zuba maganin ƙwari kai tsaye cikin abin da mutum zai ci. Akwai buhu mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. In aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowace leda tam, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu. Ku tambayi malamin gona ya nuna muku.

Na biyu, kada ku shanya zoɓo ko riɗi a ƙasa, ko a bakin kwalta. Ku shimfiɗa tabarma ko tamfol mai tsabta, inda awaki da kaji ba sa kaiwa.

Na uku, ku bari kaya su bushe sarai kafin ku ɗura a buhu. Gyaɗa ko masarar da aka ɗura da ɗanyantaka takan yi funfuna, funfunar nan kuwa tana haifar da guba wadda ido ba ya gani. A can suna da na'urar auna ta, in sun samu sai su mai da kayan ko su ƙone.

Na huɗu, ku sheƙe, ku rairaye, ku tsince. Ku ware na ɗaya dabam, na biyu dabam. Kada a sa mai kyau a bakin buhu, a ɓoye maras kyau a gindi. Su da ƙarfe suke soka buhu, su ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa.

Na biyar, ku ɗebi samfur daga cikin kayan da za ku aika ɗin. Kada ku zauna ku tsinto zaɓaɓɓu guda guda don a nuna wa baƙo. Samfurin da ya fi kaya kyau bashi ne ka ci, ranar biya kuwa tana zuwa.

Haka abin yake ga masu sana'ar hannu. In baduku ya nuna jaka mai tsawon inci 12, mai jan rini, aka ce ya yi guda 100, to, ta ɗari ɗin ma ta zama inci 12, jan nan kuwa iri ɗaya. Ya yanka ma'auni da kwali ya ajiye, ya riƙa ɗora kowace fata a kai.

5. Awo da gama kai

A kasuwar nesa ba a san mudu ba, ba a san tiya ba. Mudun wani gari ma ya fi na wani. Da sikeli ake awo. Ku haddace wannan:

Giram 1,000 shi ne kilo 1.
Kilo 1,000 shi ne tan 1.
Buhu mai kilo 50, guda 20 ne suke cika tan 1.

Mutanen Amurka da laba suke awo, kilo ɗaya kuwa ya ɗara laba biyu da kaɗan. Saboda haka in kun rubuta nauyi, ku rubuta ko kilo ne ko laba.

Yanzu ga lissafi. A ce mai saye yana son riɗi tan 10. Buhu nawa ke nan? Ashirin sau goma, buhu 200. Wane ne a ajin nan yake noma buhu 200 shi kaɗai? Babu. Amma in kowa ya kawo buhu 5, mutum 40 sun cika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan shi ne amfanin ƙungiyar gama kai. Ku haɗu, ku yi rajista, ku zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda. Ku sayi sikeli ɗaya na kowa da kowa. Ku sa mutum biyu masu tsoron cin amana su riƙa duba kowane buhu kafin ya shiga sito, ko da na shugaba ne. Kowane buhu a rubuta masa lambar mai shi, domin in aibi ya fito a san inda ya fito. Magatakarda ya rubuta kome a littafi, a kuma karanta a gaban kowa ran taro. Wanda ya iya karatu zai duba sunansa da idonsa, ba wanda zai rage masa ko kilo ɗaya.

6. Takardu

Kaya ba sa ƙetare iyaka sai da takarda. Ga waɗanda ya kamata ku sani.

Akwai hukumar da Gwamnati ta kafa a 1976 don taimakon masu fitar da kaya, ana kiranta NEPC. Ita take ba da takardar shaidar mai fitar da kaya. Kamfani mai rajista yana iya samu, ƙungiyar gama kai mai rajista ma tana iya samu. A ofishinta za ku ji labarin baje kolin da ke tafe, da ko akwai rumfar Nijeriya da za a iya shiga.

Kayan gona suna bukatar shaidar cewa ba su ɗauke da ƙwaro ko cuta. Hukumar NAQS ce take dubawa ta bayar. Abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, kamar garin zoɓo ko yaji, aikin hukumar NAFDAC ne. A banki kuma ake cika fom ɗin fitar da kaya, wanda ake kira NXP, ta banki kuma doka ta ce kuɗin su dawo.

Sa'an nan akwai takardar da ake liƙa wa kaya. A rubuta sunan abin, da nauyinsa, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace, da sunan ƙungiya da adireshinta, da sunan ƙasa. A rubuta da harshen da masu saye suke ji. Ƙasashen Larabawa irin su Saudiyya suna son a sa da Larabci. Akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa ko riɗi, in sun ci sai numfashi ya sarƙe. Saboda haka dokar Turai ta tilasta a bayyana su a jikin ƙunshi, Amurka ma ta ƙara riɗi cikin irin wannan doka daga farkon 2023. In akwai ƙuli-ƙuli cikin yajinku, ku faɗa.

Kada ku ba kowa kuɗi a bayan ofis don ya yi muku takarda. Ku shiga da ƙafarku, ku biya abin da aka rubuta, ku karɓi rasit.

7. Shirin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara shiri aƙalla wata shida kafin kasuwa ta ci.

Da farko ku zaɓi kasuwar da ta dace da hajjarku. Mai zoɓo ba ya zuwa baje kolin injuna. Ku tambayi kuɗin rumfa, da na jirgi, da na masauki, da na abinci, da na tafinta, ku haɗa jimla. In kuɗin sun fi ƙarfin ƙungiya, kada ku sayar da shanun huɗa ko ku jinginar da gona. Ku nemi shiga rumfar haɗin gwiwa, ko ku ba wani amintacce samfurinku da takardunku, ko ku dakata sai wata shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

In kun shirya tafiya, ku zaɓi wakili. Kada ku duba wanda ya fi kuɗi ko wanda ya fi baki. Ku duba wanda ya san kayan tun daga shuka har buhu, ya iya rubutu da lissafi, kuma in an ba shi amana yakan dawo da ita.

Wakili zai nemi fasfo, da katin rigakafin shawara, da biza. Ƙasashen Turai masu biza ɗaya suna karɓar takardar nema tun ana saura wata shida, ba sa kuma son a kai ta in kwanakin da suka rage ba su kai 15 ba. Gara a kai da wuri. Ya faɗi gaskiya a kan abin da zai kai shi. Ranar da aka yanka masa kuwa ya dawo gida. Wanda ya je baje koli ya ɓuya a can, ya toshe wa na baya ƙofa.

Ga abin da zai sa a jakarsa:

Samfur a ƙananan leda masu tsabta, kowanne da takardarsa.
Katin adireshi masu yawa, da sunan ƙungiya da lambar waya.
Takardar farashi.
Hotunan gona, da wurin shanya, da sito.
Kwafin takardun hukuma.
Littafi da biro.

Ku sani samfur ma yana bi ta hannun kwastan. Ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shiga da nama ko madara a jakarsa, saboda haka kilishi ba zai wuce ba. Ku tambayi dokar ƙasar tun kuna gida.

A kan farashi kuma, sai an yi hankali. Mai saye zai tambaya, "Wannan kuɗin, a ina kayan za su same ni?" Akwai farashin da ake ce wa FOB, watau ku za ku kai kaya har cikin jirgin ruwa a Legas, daga nan kuɗin jirgi nasa ne. Akwai kuma CIF, watau ku za ku biya jirgi da inshora har tashar ƙasarsa. Tsakaninsu akwai kuɗi masu yawa. Wanda ya amsa ba tare da ya san bambancin ba, yana iya yin dako kyauta.

8. A cikin rumfa, da bayan an dawo

Wakili ya iso rumfa da wuri, da tufafi masu tsabta. Ya tsaya a tsaye, ya yi wa baƙo fara'a. Kada ya zauna yana danna waya ko yana cin abinci, mai saye ya wuce. In an tambaye shi tan nawa ƙungiya za ta iya kawowa, ya faɗi abin da za ta iya. In 10 ne, kada ya ce 50 don a ga girmansa. In an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce zai bincika ya aiko da amsa, ya kuma aiko.

Duk wanda ya tsaya, a karɓi katinsa, a rubuta a littafi abin da yake so, da yawansa, da lokacin da yake so. Kada wakili ya sa hannu a takardar da bai karanta ya gane ba. Ya zo da ita gida a duba.

Da ya sauka, kafin mako ya zagayo, a rubuta wa kowane ɗaya daga cikinsu. A gode masa, a tuna masa abin da aka yi magana a kai, a aika masa da farashi. Mai saye ya ga rumfuna ɗaruruwa, in an yi wata guda bai ji daga gare ku ba, ya manta. Wakili kuma ya zauna gaban ƙungiya, ya karanta lissafin duk abin da ya kashe.

9. Ciniki ta intanet

Intanet kasuwa ce wadda ba ta tashi, dare da rana. Akwai manyan dandali irin su Alibaba, inda ake cinikin sari, da Amazon da eBay, inda ake sayar da ɗai ɗai. Kowanne yana da dokarsa a kan ƙasashen da za su iya buɗe rumfa, da la'adar da yake cira. Ku karanta dokar kafin ku biya kome. Waɗansu kuma da Facebook da Instagram da WhatsApp suke tallar hajjarsu, su sami masu saye cikin 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, masu kewar kuka da daddawa da hular gida. Wannan ita ce ƙofa mafi sauƙi ga mai farawa.

A intanet hoto ne samfurinka. Ka ɗauke shi da hasken rana, a kan farin ƙyalle, gaba da baya da ciki. Kada ka ɗauko hoton kayan wani. Ka rubuta tsawo, da faɗi, da nauyi, da abin da aka yi shi da shi. In akwai ɗan tabo a fatar, ka nuna.

Ka amsa saƙo da wuri. Ka tuna agogo ba ɗaya ba ne. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Kano, a Dubai ƙarfe 3 ne na yamma, a Sin kuwa ƙarfe 7 na dare.

Yanzu ga lissafi na biyu. Kuɗin da ke ƙasa misali ne kawai don koyo, kowa ya je ya tambayi na gaskiya. A ce baduku zai aika jaka ɗaya Ingila:

Fata da zare da rini: naira 9,000
Ladan hannunsa: naira 6,000
Kwali da takarda: naira 1,000
Kuɗin aikawa: naira 24,000
La'adar dandali da ta banki: naira 5,000
Jimla: naira 45,000

A kasuwar gida jakar nan naira 15,000 ta tsaya masa. In ya sa mata naira 30,000 a intanet, zai yi murna, yana tsammani ya ninka kuɗinsa. Ashe ya faɗi da naira 15,000. Kun ga amfanin lissafi. A haɗa kome tukuna, sa'an nan a ɗora riba.

Akwai kuma kuɗin fito a can ƙasar. Tun watan Yuli na 2021 ƙasashen Tarayyar Turai suke karɓar haraji ko a kan ƙaramin ƙunshi. Amurka ma a watan Agusta na 2025 ta janye rangwamen da take yi wa ƙunshin da bai wuce dala 800 ba. Ku shirya da mai saye tun farko a kan wanda zai biya, kada ya ƙi karɓar kaya a dawo muku da su. Ku aika ta gidan waya ko kamfanin aike wanda yake ba da lambar bin sawun kaya, ku tura wa mai saye lambar.

10. Kuɗi da 'yan damfara

Kowace kasuwa da ɓarayinta. Na intanet ba sa yanke aljihu, da daɗin baki suke sata.

Wani zai ce yana son kaya masu yawa, bai nemi samfur ba, bai yi tayi ba, amma sai kun fara aika masa kuɗin rajista. Ƙarya ce, mai saye ba ya karɓar kuɗi daga mai sayarwa. Wani zai aiko da hoton rasit ya ce ya biya. Hoto ba kuɗi ba ne, ku je banki ku gani da idonku. Wani zai ce ya yi kuskure ya biya fiye da kima, ku mai do masa da ragowa, alhali kuwa ko sisi bai shigo ba. Wani zai nemi lambar sirrin katinku, ko lambar da banki ya aiko muku ta waya. Kada ku ba kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In ƙaramin ƙunshi ne, a biya tukuna, sa'an nan a aika. In kaya masu yawa ne, a ba da wani kashi tun farko, sauran in takardun jirgi sun fito. Akwai kuma takardar lamunin banki, inda bankin mai saye yake ɗaukar alkawarin biya da zarar an kawo takardun da aka ambata daidai. Ku nemi bankinku ya bayyana muku ita. Da sabon abokin ciniki kuwa, a fara da kaɗan.

Ku tuna shi ma mai sayen tsoro yake ji, domin an sha cutar irinsa. In ya ba ku kuɗinsa tun bai ga kaya ba, amana ce. Ku aika abin da kuka nuna, a ranar da kuka faɗa. In damina ta ɓata hanya za a makara, ku gaya masa tun da wuri. Ta haka sunan garinku zai zauna a jikin buhu, mai saye ya riƙa nemansa da kansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Turawa suka kira fatar jar akuya fatar Maroko?
2. Waɗanne abu uku ne tilas su zama ɗaya a kasuwar nesa?
3. Me ya sa aka hana waken Nijeriya shiga Turai a 2015?
4. Buhu nawa mai kilo 50 ne a cikin tan 6?
5. In ƙungiya tana da mutum 30, kowa ya kawo buhu 4, tan nawa aka tara?
6. Mene ne bambancin FOB da CIF?
7. Wani ya aiko da hoton rasit ya ce a aika masa kaya yau. Me za ka yi?

Aikin gida

Kowa ya zaɓi abu ɗaya da ake nomawa ko ake yi a garinku. Ya sami takarda, ya rubuta sunan abin, da nauyinsa, da kwanan wata, da sunansa, da sunan garinsu, kamar zai liƙa wa buhu. Ku zo da ita aji mai zuwa, kowa zai tashi ya karanta tasa.